Sarkin Soket na Layin Tasha

Idan ana lissafin mutanen da suka tallafe ƙasar nan don kada ta faɗi, dole a sa sunan Mista Neville Haworth, ko da shi zai rubuta da hannunsa. Tebur biyar ne a shagon shayinsa, amma yakan tsaya bayan kanta kamar mai jiran jakadu. Shi ne shugaban Ƙungiyar 'Yan Kasuwar Layin Tasha, mai mambobi shida, kuma bai taɓa faɗuwa zaɓe ba, domin ranar zaɓe kowa kan sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi.

Ɗaukakarsa ta fara ne ranar da ya gano cewa lasisin talabijin na gidansa, wanda doka ta wajabta wa duk mai kallo a ƙasar nan, bai shafi shago ba, shago sai da nasa daban. Nan take ya sauke akwatin daga bango, ya rantse ba zai biya sau biyu ba. Sannan ya sa tabarau ya bi dokar layi-layi, har ya iso gun da ya ba rayuwarsa ma'ana: mutum na iya kallon shiri kai tsaye a wayarsa a ko'ina da lasisin gidansa, muddin dai da batirinta take aiki. Da zarar ya jona ta a bangon shago yana kallo, magana ta koma kan shagon, kuma tara tana iya kaiwa fam dubu.

"Jama'a," in ji shi, ga mutum uku da ke cin wake da gasasshen burodi, "tsakaninmu da kotu igiyar caji ce kawai. Ni ba mai son mulki ba ne, amma dole wani ya tsaya."

Ya tsaya kuwa. Ya liƙe soket huɗu na shagon da jan salatif. Yakan zaga tebura da butar shayi, idonsa a ƙasa yana farautar igiya. Ranar da tsohuwa Doreen Ackroyd ta roƙi caji don ta kira 'yarta, sai ya girgiza kai cikin tausayi.

"Yau kira ne, Uwargida Ackroyd. Gobe kallon tseren dawaki. Haka ake farawa."

Ta ba shi haƙuri. Duk haka muke a layin nan, wanda ya taka mana ƙafa mu muke ba shi haƙuri. Shekara uku muna zama da matattun wayoyi muna yi masa godiya, in mun fita mu kira shi Sarkin Soket, da murya ƙasa-ƙasa, bayan mun waiwaya.

Sai ga Asabar ɗin da ƙungiyar ƙwallon garinmu, wadda rabonta da abin kirki tun kafin a haifi rabinmu, ta samu kanta a talabijin a gasar kofi. Mista Haworth ya gayyaci layi duka a zo a kalla "bisa doka", kowa da wayarsa. Akwai ƙaton allo a mashayar da ke ƙarshen layi, amma babu wanda ya iya cewa a'a.

Kafin hutun rabin lokaci wayar mai aski ta mutu. Ta mai furanni ta bi ta. Aka yi ta matsowa, daga waya shida zuwa uku, har ya rage ta Mista Haworth kaɗai, jingine da kwalbar yaji, mutum goma sha huɗu sun haɗa kai a kanta. Ci ɗaya da ɗaya. Saura minti biyu aka ba mu bugun fenariti. A daidai nan wayar ta dushe, ta nuna jan layin ƙarewar caji.

Gumi ya keto masa. Wannan ƙungiya ubansa ya mutu yana jira ta ci wani abu. Ya dubi wayar, ya dubi bango. Hannun da ya hana tsohuwa kiran 'yarta ya zare na'urar gasa burodi daga soket, ya zaro caja daga aljihun rigar aiki, ya jona.

Ɗan wasanmu ya doka ƙwallo can saman raga.

Kowa ya ga igiyar, kowa ya koma yaba ruwan saman da ake yi.

Ranar Litinin ya fito da kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita, ya tara ƙungiyar 'yan kasuwa. Ya ce shugaba na gari shi ke fara miƙa wuya. Zai kai ƙarar kansa, ya biya fam dubu, ya sauka daga mulki, tarihi ya yi hukunci. Ya kira ofishin lasisi, ya buɗe murya kowa ya ji. Minti ashirin muna sauraron kiɗan jira a tsaye, domin shi bai zauna ba.

Wata mata ta ɗauka. Ya faɗi adireshi, ya fara jawabin da ya kwana biyu yana shiryawa. Bai kai rabi ba ta katse shi.

"Yallaɓai, ai wannan adireshin yana da lasisi. Da sunan Brenda Haworth, shekara uku ke nan."

Brenda, matarsa, ta leƙo daga kicin da cokalin suya a hannu.

"To, kai ka zaci bango nake kallo ina feran dankali buhu-buhu? Akwatina na nan bayan firji. Cire kwat ɗin nan, Neville, ƙwan tebur na biyu yana hucewa."