Makokin Da Ba Gawa

Ban taɓa kishi da namiji ba sai ƙanin matata, Faisal. Duk Juma'a in ya zo cin abinci gidanmu a unguwar Sa'alaba, 'yata Hanan takan manne masa, suna hirar littattafan zane na jarumai masu tashi sama, musamman wata mataimakiyar jarumi da take so kamar ranta. Ni da na haife ta, rabona "Baba, miƙo gishiri."

Na rantse sai na ƙwato 'yata. Na sayo tsofaffin littattafan, na haddace tarihin jarumar fiye da lambar iƙamata, katin izinin zamana a ƙasar.

Da Juma'a ta zo, na gyara murya. "Hanan, ga abin da kawunki ya ɓoye miki. Jarumarki ta rasu, gini ya faɗo mata. Sai haƙuri."

Ta ajiye cokali, idonta ya ciko. Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

Faisal ko tauna bai fasa ba. "Abu Hanan, ai wannan mutuwarta ta farko ce. Ta ƙara biyu bayanta. Yanzu ita ce shugabar jaruman."

Ashe a wurinsu mutuwa ijaza ce, a je a huta a dawo. Hanan ta share hawaye, ta ƙara matsawa kusa da shi. Halas, shi ke nan.

Shekara biyu ke nan, Faisal ba ya shiga gidana sai ya riƙe hannuna ya sunkuyar da kai: "Ya ƙarin haƙuri?" Hanan ce ke amsa masa, "Da godiya, Kawu."