Rasuwar Hajiya Mai Haɗiya, da Kaset a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa da har yanzu suke warin toka, ni Ramalan mai gidan kallo na bayan tashar Kibiya nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Kibiya, Rano, Fassi da Zinyau rasuwar na'urar bidiyona, wadda kowa ya sani da Hajiya Mai Haɗiya. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha tara a hannuna, ban da waɗanda ta yi a gidan wani Balarabe da ba mu sani ba. Hajiya muke ce mata don daga Jidda kawuna ya zo da ita, naɗe cikin bargo. Liman ya ja mini kunne kada in yi mata addu'ar da ake yi wa mutane, na kuma ji, amma bai hana ni kuka ba.

Marigayiyar ba ta da ƙyama. Lokacin da faifan sidi ya shigo, masu shaguna a Rano suka riƙa watsar da tsofaffin kaset, ni na bi ina tsincewa, ita tana karɓa. Ita ta nuna mana ƙaton kwaɗon da ya haɗiye jirgin ƙasa, da tsohuwar Sin da take yaƙi da tsintsiya a kan rufin gidaje, da gawar da ta dawo gari neman takalminta. Babu wanda ya san sunayen waɗannan finafinan, gara ta cinye takardunsu. Ni nake tsayawa a gefe ina fassara, ban kuwa san ko "sannu" da yarensu ba, kuma ba ta taɓa tona mini asiri ba. Idan ta haɗiyi kaset sai ta ce "ƙirrr, kaf!" Idan ta gaji sai ta ce "wiii" ta yi shiru, mu juya mata kaset da gindin cokali.

Asalin ciwon ajalinta ni ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Shekarar da aka ce a rufe gidajen kallo, muna tsakiyar wani fim ne saƙo ya iso, na kashe ta nan take. A daidai lokacin jarumin yana reto a jikin gada da hannu ɗaya, ruwa na ambaliya a ƙarƙashinsa. Na kwashe kaset ɗina ɗari biyu da sha biyu na zuba a rumbu, matata Saude ta bi su da toka da ganyen darbejiya kamar yadda take yi wa wake. A gaskiya ko ƙwaro ɗaya bai taɓa su ba.

An buɗe gidajen kallo daga baya, kowa ya manta da mutumin gada, ban da Bappa Shitu, dattijon makiyayi na Fassi. Ya ce jarumin ya yi masa kama da ƙanensa da ya bi shanu kudu bai dawo ba. Shekara bakwai, kowace ranar kasuwa sai ya tsaya a ƙofata ya dogara sanda ya ce, "Ramalan, yaron nan ya hau kuwa?" Ni kuma in ce kaset ɗin yana can ƙasan rumbu. Ƙarya nake yi, a sama yake. Na riga na kalli fim ɗin ni kaɗai tun ranar da na tsinto shi, kuma yaron ya faɗa ruwa, ko hularsa ba a gani ba.

Bana yanar ido ta kama Bappa, har ya fara gaishe da turmi. Ya ce a nuna masa kafin hasken ya ƙare, na ce masa to. Ranar Talata, Bappa ba ya nan, na ciro kaset ɗin don gwaji, na busa sau biyu na tura wa Hajiya. Ta ce "ƙirrr," muka jira "kaf" ɗin, bai zo ba. Ta yi tari, toka ta fito ta bakinta, ta rufe ido da kaset ɗin a ciki. Ƙasimu mai gyaran rediyo ya zo daga Rano ya kara kunne a jikinta, ya girgiza kai, ya ce zaren ya nannaɗe mata hanji, in an ja sai ya tsinke. Ina zargin da gangan ta yi, don ta fi ni tausayi.

Ta rasu ta bar talabijin ɗaya mai mayar da kowa kore, da janareto mai asma, da marayun kaset ɗari biyu da sha ɗaya da babu mai haɗiyarsu a duk ƙasar Rano. Rimot ya riga ta tafiya tun zamanin soja.

Za a yi mata sutura ranar Alhamis bayan La'asar, a cikin bargon da ta zo da shi, a bayan rumbu, tare da abin da ke cikinta. Amma kafin nan za a zaunar da Bappa Shitu a bencin gaba, don idon ya ƙarasa rufewa jiya, kuma bai san an yi rasuwa ba. Za a ta da janareto. Ƙasimu ya ɗauki nauyin cewa "ƙirrr, kaf!" da bakinsa, kwana biyu yana gwaji. Ni zan tsaya a gefe in yi fassara kamar kullum.

Ana roƙon masu ta'aziyya su zo da wuri, su cika benci, kada kowa ya yi kuka da ƙarfi. Bappa ba ya karatun boko, don haka duk wanda ya karanta wannan takarda ya riƙe bakinsa. Idan kun ji na ce yaron ya kama ƙarfen gada da ɗaya hannun ya hau, don Allah ku tafa sosai.