Kujerun Baballe a Bakin Amba

"Ni da na yi shekara ashirin ina goge kujerun sakatariya, a ce ban iya haɗa kujera ba?" in ji Baballe Masinja, ranar da aka ce Lafiya ta zama babban birnin jiha.

Ka san Baballe kuwa? Ɗan tsiriri ne kamar tsinken tsire, amma bakinsa ya fi tashar mota faɗi. Yana da ɗan fili a bakin rafin Amba, ya rantse sai ya mai da shi wurin shan iskar manya.

Maƙwabcinsa Ushahemba kafinta ya leƙo, ya tarar gogan naka yana ƙwala ƙusa a ɗanyen malaina.

"Oga, wannan katako bai bushe ba fa."

"Zai bushe a ƙarƙashin manya. Koma kan bencinka na 'yan firamare."

Da ya gama kujeru shida, kowace da irin nata karkacen, sai ya kama gaɓar rafin ya aske ta ƙwal.

Matarsa Sailuba ta ce, "Malam, ciyawar nan fa ita ke riƙe ƙasar."

"Ke da miya, ni da injiniyanci!"

Ya hau keke har Kwandere, ya tono wata 'yar yaɗo mai kyan fure, ya ɗora ta kan rumfar da ya kafa wa kujerun. Bai tambayi kowa sunanta ba. Ashe karara ce, uwar ƙaiƙayi.

Ranar buɗewa ya gayyato tsohon ogansa, Alhaji Mailafiya, da abokansa, don su kai labari gaba. Alhaji na zama, ƙafar kujera ta ce ba ta san zancen ba, ta nutse cikin laka. Iska ta kaɗa rumfa, gashin karara ya zubo musu a wuya. Kan ka ce me, manya sun tuɓe manyan riguna suna susa da hannu bibbiyu.

"Baballe, me muka yi maka?" in ji Alhaji, yana goga baya da ginshiƙin rumfa.

"Ranka ya daɗe, zaman ne ba ku iya ba. Kalli nan!"

Ya haye babbar kujerarsa da ke can bakin ruwa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya jingina. Gaɓa ta zabtare. Tsundum! Sai hularsa kawai ake gani tana bin ruwa.

Ushahemba ne ya miƙa masa gora ya jawo shi, laka har cikin kunne, silifa ɗaya ya tafi. Baballe ya dubi baƙi suna susa, ya dubi Sailuba ta rufe baki da gyale, shi ma dariya ta ƙwace masa.

"To jama'a, ku yafe wa babban injiniya. Ashe kwalekwale na sassaƙa ban sani ba."

Ushahemba ya girgiza kai. "Haba Oga, kar ka zagi kwalekwale. Shi yana tsayawa a saman ruwa."