Surukata a Cikin Karabana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗauko surukata a cikin karabana, kuma ko na so in manta, matata Balki tana nan da ranta, ba za ta bari ba.

Sana'ata dillancin motoci ce a Birnin Konni. Wata shekara aka turo mini kaya daga Kwatano, sai ga wani ɗan ɗaki mai taya biyu ya biyo su, irin wanda Turawa ke ɗaurawa a bayan mota su tafi kwana cikin daji (mu muna gudun daji, su kuma nemansa suke yi). Fari tas, da gado a ciki, da tagogi har da labule. Ko mai tayawa ban samu ba. Abokan sana'a suka sa ni gaba, kullum sai wani ya leƙo ya tambaye ni ko kajin da ke ciki sun fara ƙwai. Ni kuwa ga zuciya. Na kai motata kat-kat, wata 'yar matsakaiciya mai shiga yashi, aka dasa mata ƙugiyar ja a baya, na rantse sai karabanar nan ta yi rana.

Ranar tata kuwa ta zo ta inda ban so ba. Bayan an gama yankan hatsi aka aiko daga wani ƙauye can bayan Illela cewa jikin Iya Babba, yayar surukata, ya yi tsanani, kuma ba ta da magana sai ta ƙanwarta. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, sun yi shekaru ba su ga juna ba, domin Inna, surukar tawa, ciwon ƙugu ya zaunar da ita a Dogarawa. Ko zaman tabarma ba ta jurewa, balle taksin ƙauye. Balki ta wuni tana kuka. Nan na bugi ƙirji na ce ni zan kai Inna, a kwance, kamar tana kan gadonta.

To, sai kun san yadda muke da Inna. Tun da na auri ɗiyarta ban taɓa haɗa ido da ita ba. Daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, kai a ƙasa, in gaishe ta. Ita ma ba ta taɓa kama sunana ba. In tana da magana da ni, ko ina tsugune a gabanta, Balki take faɗa wa, Balki ta juyo ta faɗa mini. Ni kuma har alfahari nake yi da wannan, ina ganin duk Konni babu surukin da ya kai ni kunya.

Muka isa Dogarawa da hantsi, aka kwantar da Inna, aka tokare mata baya da matashi. Balki ta shiga wurinta, ta bar wayarta tana caji a gaban mota. Na tayar, na ɗaga ido in duba madubin tsakiya, sai ga tagar gaban karabana ta cika shi, labule a buɗe, Inna tana kallona ƙur. Ido cikin ido! Gumi ya karyo mini. Na kama madubin na murɗe shi ya kalli rufi. Na gefe kuwa, ɗaya amalanken jaki ya tafi da shi tun bara (dillalin motoci fa), ɗayan shi ma na karkatar da shi don kada a sake kuskure.

Kan gudoro, wato titin kwalta, tafiya ta yi daɗi. Jandarma suka tsayar da mu, suka leƙa, suka gaida tsohuwa, har ɗayansu ya sara mini. Kaina ya ƙara girma. Abu ɗaya ya dame ni, sarƙar nan da ake ƙarawa tsakanin mota da karabana sai ƙarar ƙarfe take yi. Da muka tsaya a Tsernawa na kwance ta na jefa a but, wai don kada ta hana Inna barci.

Da muka bar Illela muka shiga hanyar ƙauye, muka tarar da wani busasshen rafi, yashi ne zube-zube. Na taka mota da ƙarfi don kada mu kafe. Wurin hawa gaɓa na ji wani ɗan gum, daga nan sai motar ta saki jiki, ta yi sakayau. Na shafa sitiyari ina yaba mata, ina cewa ashe sai yanzu injin ya farka. Har waƙa na yi.

Na shiga ƙauyen ina danna oda. Maza na zaune kan tabarmi a ƙofar gidan, mata sun leƙo ta saman danga. Na fito, na tuɓe takalmi, na sunkuyar da kai tun daga ƙofar mota, na bi gefenta ina kallon yatsun ƙafata har na wuce baya, daidai inda na san ƙofar karabana take. Na durƙusa.

"Inna, mun iso lahiya. Sannu da hanya. Ya ƙugun?"

Shiru. Ban damu ba, ai dama ba ta amsa mini kai tsaye. Na ci gaba, na ba ta haƙurin ramukan hanya, na tambayi ko iska ta shiga sosai. Sai na ji Malam Idi, babban ɗan Iya Babba, ya yi gyaran murya a kaina.

"Bawan Allah, wa kaka gaidawa?"

Na ɗaga kai. Wata akuya ce tsaye tana tuƙa, sai wayar fitila tana lilo a bayan mota. Babu karabana, babu Inna, babu Balki. Ina durƙushe babu takalmi, a gaban gari guda, ina tambayar akuya lafiyar ƙugunta. Wani dattijo ya fara dariya har tari ya sarƙe shi, sauran suka ɗauka. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai wata siririyar murya ta fito daga cikin gida, Iya Babba ce ke tambaya ko ƙanwarta ta iso. Dariyar ta mutu nan take. Ni ma kunyar ta gudu, tsoro ya maye gurbinta, don ban san halin da na bar su ba, ban kuma san ko wannan muryar za ta jira ba. Na ce a gaya mata tana tafe, na faɗa mota, takalmina ma a can na bar su.

Duk addu'ar da na sani na karanta a hanyar nan. Allah da ikonsa, na hango karabana tsakiyar rafin tsaye kan tayoyinta, hancinta ya nutse cikin yashi, shi ya tare ta. Wasu Fulani mata masu tallan nono na zaune a inuwarta, har sun dama wa Inna fura. Balki kuwa na tsaye ta riƙe ƙugu. Abin da ta faɗa mini ba zan maimaita shi duka ba. Ta ce ta yi ihu har muryarta ta dushe, ta ce ko jaki in kayansa suka zube yakan waiga. Mazajen matan suka zo muka ɗaga hancin muka ɗora kan ƙugiya, na kulle, na maida sarƙa, na ja na sake ja.

Zan juya ke nan na ji an ce, "Ɗana." Na daskare. Inna ce, kuma ba da Balki take ba.

"Maida madubinka yadda shike. Na yahe maka kunyar yau. Kai ni in ga 'yar'uwata."

Na maida shi. Muka haye yashin a hankali, ido cikin ido, kuma ban mutu ba.

A ƙauyen wata matsala ta taso. Ɗakin Iya Babba yana can ƙurya, hanyarsa 'yar siririya tsakanin danga da rumbuna, Inna kuma ba ta iya takawa. Aka ce a ɗauke ta a tabarma, ta ce ita ba gawa ba ce. Na ce a buɗe mini danga ta baya, da baya-baya zan kai ta. Masu dariyar ɗazu suka gyara zama. Duk wanda ya taɓa ja da baya da abu a ɗaure ya sani, ka murɗa hagu ya tafi dama, ka yi gaggawa ya naɗe maka. Balki na can baya tana ba ni hannu, Inna na cikin madubi tana jan carbi. Na bi da ita sannu sannu, na wuce rumbu, na wuce turken awaki, ko kara ɗaya ban taɓa ba, har ƙofar karabana ta yi daidai da ƙofar ɗakin. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, dattijon nan mai tari ya zo ya ba ni hannu. Daɗi ya kama ni har kunne.

Inna ta dafa Balki ta shiga. Daga inda nake na ji an ce, "Ke ta?" aka amsa, "Ni ta, Yaya." Sai kuka. Na kifa kai a sitiyari na yi nawa ni ma, ba na ɓoyewa.

Iya Babba ba ta ga sabon wata ba. Ta cika kanta na kan cinyar ƙanwarta, bayan sun yi kwanaki suna hira, an ce har da dariya, kuma na san da wa suke yi. A ƙauyen har yau Mai Gaida Akuya suke kirana, ina kuma amsawa, don ni na kai ta. Har gobe ina durƙusa wa Inna, sai dai yanzu nakan fara ɗaga ido in tabbata tana wurin.