Jatau da Tafintan Tunis

A zamanin da tafiya daga Katsina zuwa bakin Bahar Rum take cin watanni a bayan raƙumi, an yi wani bafatake ana ce masa Jatau. Fatu yake kaiwa arewa, jajayen fatun akuya waɗanda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, masu laushi har ka iya dunƙule guda a tafin hannunka. Da can iyakarsa Agadas, ya sayar wa Larabawa ya juyo gida. Wata shekara sai ya ji labarin cewa fatun nan, in sun bar hannunsa, suna ta sauya iyayengiji har su kai bakin teku, inda Nasara suke sayensu suna yi wa littattafansu bango da su, suna kuma kiransu fatun Fas, wani birnin Larabawa da ya yi suna a jima. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ce shi kam sai ya je ya ga masu sayen nan ido da ido. Ya haɗa kayansa da na majeman unguwarsu da suka amince masa, ya bi ayari har birnin Tunis.

Tunis ta wancan lokaci gari ne da ba wanda yake mamakin baƙo. Ga mutanen Andalus da yaƙi ya koro, kowa yana ba da labarin lambun da ya baro. Ga alhazan Malle suna jiran abokan tafiya zuwa Masar. Ga jiragen Nasara daga Jenowa da Banisa cike da tufafi da gilasai. Jatau ya taho da Larabcinsa na hanya, mai ɗingishi amma yana kai shi inda za shi. Da shi ya yi ciniki da wani Banasare ɗan Jenowa mai suna Obarto, dattijo mai sanƙo, wanda shi ma Larabcin nasa da sanda yake tafiya. Obarto ya shafa fata guda, ya shinshina ta, ya miƙe ta a rana, ya ce duk yana so. Suka yi alkawari za a kai kaya jirgi kafin ya tashi.

To, a ƙofar garin da take fuskantar teku akwai wata inuwa inda fatake suke zama bayan la'asar, kuma inuwar nan tana da sarkinta. Wani tafinta ne ɗan tsibirin Sikiliya. In yana cikin Musulmi sunansa Mika'ilu, in ya shiga masaukin Nasara ya koma Mikele. Ba ƙasar da za ka ambata bai je ba. Ya ci abinci a fadar Ƙustantiniyya, ya yi wa sarkin Habasha tafinta, ya kwana a kan dutsen da jirgin Annabi Nuhu ya tsaya. Mutane sun san yana ƙarawa, amma bakinsa da daɗi, kuma ba wanda ya taɓa zuwa wuraren balle ya ƙaryata shi.

Ranar da Jatau ya fara zama a inuwar, Mikele ya dube shi, ya ga baƙin mutum, sai ya gyara zama ya ɗauko labarin ƙasar baƙar fata. Ya ce ya yi shekara da shekaru a can, harshensu kuwa ya fi su iya shi. Ya ce zinariya a can shuka ta ake yi kamar albasa, a tono ta da sassafe kafin rana ta taɓa ta. Ya ce tururuwa ce take gadin gonakin, kowace guda ta kai kare girma.

Jatau ya yi ta ƙoƙarin riƙe dariya. Ya ciji leɓe, ya sunkuyar da fuska, ya yi kamar yana gyara takalmi. Da aka zo kan tururuwa abin ya fi ƙarfinsa, ya tuntsire har da hawaye.

Mikele ya tsaya. Ya ce, "Baƙo, me ya ba ka dariya?"

Jatau ya share ido da bakin rawani ya ce, "Ba komai, ɗan'uwa. Mamaki nake, ka je har gonar, me ya hana ka taho da iri?"

Inuwa ta ɗauki dariya. Wani ɗan Andalus har ya faɗo daga kan buhun da yake zaune. Mikele ya yi murmushin dole, ya tattara rigarsa ya tafi. Jatau bai ɗauki abin a bakin komai ba. A garinsu in an yi maka irin wannan, ramawa kake yi gobe a wuce wurin.

Da safe yana cikin ɗaure kaya sai ga dogarawan mai kula da kasuwa. Suka ce an kai ƙara cewa fatun nan na sata ne. Wai kwanakin baya 'yan fashi sun tare wani ayari da ya fito daga Fas sun kwashe fatu irin waɗannan, kuma akwai mai shaida cewa a ƙasar da Jatau ya fito ba a san jima ba sam. Suka kulle kayan a rumbun hukuma, shi kuma suka tasa shi gaba zuwa wurin alƙali.

A nan dariya ta ƙare wa Jatau. Mai ayarin da aka yi wa fashi yana can Fas, kafin a aika masa ya zo ya duba, jirgin Obarto ya daɗe da tashi, ayarin komawa gida ma ya tafi. In kuma aka ce shaida ta tabbata, to ba maganar fatu ake ba, maganar hannunsa ake. Yana tafe yana tuna majeman unguwarsu, yadda kowa ya ɗauko abin da ya tara ya damƙa masa a ƙofar gari. Ya tuna matarsa Ladi da ta ce masa Agadas ma ai ta isa. Ya dubi hannunsa na dama, ya sa shi cikin riga.

Alƙalin tsoho ne siriri, mai farin gemu da idanu kamar na mai jin barci. Ya saurari dogarawa, ya saurari Jatau. Obarto ma ya biyo su yana haki, ya roƙi a bar shi ya yi magana. Ya ce shi dai ya daɗe yana sayen fata, kuma mutumin nan ya san kayansa yadda uwa ta san 'ya'yanta. Alƙali ya ce ya ji, amma ɓarawo ma in ya kwana da kaya yakan san su.

Aka kira mai shaida. Sai ga Mikele ya shigo, yau da rawani da carbi, Mika'ilu sosai. Aka rantsar da shi. Ya ce ya zauna a ƙasar su mutumin nan, ya zaga ta gabas da yamma, bai taɓa ganin majemi ko ɗaya ba. Ya ce ɗanyar fata suke ɗaurawa da gashinta. Irin wannan jan aiki kuwa, in ji shi, sai Fas.

Jatau ya ce, "Allah ya gafarta malam, mutumin nan ko yashin hamada bai taɓa shiga takalminsa ba."

Alƙali ya ce, "Shi ya rantse ya je, kai ka ce bai je ba. Ni kuma ban je ba balle in raba ku." Ya lumshe ido yana tsefe gemu, har Jatau ya zaci barcin ne ya ɗauke shi. Can ya buɗe ido ya dubi Mikele. "Ka ce ka daɗe a can. Kana jin harshensu?"

"Kamar yadda nake jin Larabci, Allah ya gafarta malam."

"Madalla. Larabcin baƙon nan yana wahalar da kunnena. Gara ya yi magana da harshen uwarsa, kai ka fassara mana."

Mikele ya ce to. A ransa ya lissafa cewa duk ɗakin ba mai jin harshen sai wanda ake tuhuma, saboda haka duk abin da ya ce an faɗa, shi aka faɗa.

Alƙali ya yafito Jatau ya matso kusa, ya raɗa masa wata magana a kunne. Jatau ya ɗago ya dubi alƙali, alƙali ya gyaɗa masa kai. Jatau ya koma wurinsa, ya fuskanci Mikele, ya tattara natsuwarsa, ya yi magana da Hausa a hankali, da muryar mai roƙon arziki.

Ya ce, "Bawan Allah, ga wata baƙar kunama nan ta hau kafaɗarka, tana shirin shiga wuyan rigarka."

Mikele ya saurara yana gyaɗa kai kamar wanda ya fahimci har abin da ba a faɗa ba. Ya juya wurin alƙali ya ce, "Allah ya gafarta malam, ya ce sharrin Shaiɗan ne, kuma yana roƙon kotu ta yi masa sassauci saboda yana da iyali."

Alƙali ya ce, "Haka ya ce? Sake tambayarsa, kada mu zalunce shi."

Jatau ya sake cewa da Hausa, "Ta ɗaga ƙari. Wallahi in ni ne kai, da na tashi."

Mikele ya ce, "Ya ƙara da cewa ba shi kaɗai ba ne, su uku ne, sauran sun gudu."

Alƙali ya jinjina kai. Ya miƙa wuya yana duban kafaɗar Mikele, ya ce da Larabci, shi ma a hankali, "Mika'ilu, ga wata baƙar kunama nan ta hau kafaɗarka, tana shirin shiga wuyan rigarka."

Ai kafin ya rufe baki Mikele ya yi sama. Rawani ya yi gabas, carbi ya tsinke ya watse, ya fizge riga ta kai ya yi jifa da ita, yana tsalle yana marin wuyansa yana kiran waliyyan Musulmi da na Nasara a haɗe, duk wanda ya riga amsawa. Dogarawa suka dafe bango. Obarto ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Jatau kuwa wannan karon bai yi dariya ba, numfashi kawai ya sauke, ya fito da hannunsa daga cikin riga.

Da ƙura ta lafa, alƙali ya ce, "Ba kunama. Maganar da na faɗa maka yanzu, ita baƙon nan ya faɗa maka da harshen da ka fi masu shi iyawa, kana tsaye kana murmushi." Ya juya wurin dogarawa ya ce a buɗe rumbu a mayar wa Jatau kayansa, a kuma taya shi kai su jirgi tun rana ba ta yi ba. Mikele kuwa a tsare shi, akwai maganar shaidar zur da za su yi da shi.

Wani in an kama shi haka sai ya yi shiru. Mikele ba ya cikinsu. Ya tsinci rigarsa ya saka a baibai, ya durƙusa.

Ya ce, "Allah ya gafarta malam, a yi mini adalci. Ƙasar tana da faɗi. Ni ɓangaren da na zauna ba wannan harshen suke yi ba. Can ciki ne, bayan garin su wannan, wurin mutanen nan da ba su da kai. Idanunsu a ƙirji suke, bakinsu a ciki. Harshensu na iya. Duk wanda ya yi karatu ya san da su."

Nan fa alƙali ya gyara zama, barcin idonsa ya washe. Shi mutum ne mai son littattafan matafiya, kuma ya taɓa cin karo da labarin mutanen nan, har da zanensu a gefen wata taswira da wani ɗan Andalus ya nuna masa. Tun yana saurayi abin yake masa yawo a zuci, bai taɓa samun wanda zai tambaya ba.

Ya kira Jatau, wanda har ya kai bakin ƙofa. Ya ce, "Dakata, baƙo. Shari'a ta ƙare, wannan tambayar tawa ce ni kaɗai. Tsakaninka da Allah, mutanen nan marasa kai, akwai su? Ka taɓa ganin ko guda?"

Jatau ya juyo, ya rusuna.

Ya ce, "Allah ya gafarta malam, a can wajenmu dai ban taɓa gani ba. Sai da na ƙetare hamada na zo garinku na ga guda, har an rantsar da shi yana ba da shaida."