Baƙon da Ke Wuni a Shafinmu

Ni na buɗe wa Kawu shafin intanet na shagon turarensa da ke Sheshe, amma mutane suna leƙowa su fice nan take. Na sauya hotuna, na rage surutu, sai ga wani baƙo yana wuni a shafin kullum.

Na tara yaran shago na ce, “Aikina ya fara ci. Attajiri ne, yana nazarin kaya kafin ya sara.” Kawu har ya keɓe masa kwalbar almiski.

Ƙanwata Rabi ta duba kwamfutata, ta ce, “Yaya, ai kai ne baƙon. Ba ka taɓa rufe shafin ba.”

Har yau in na shiga shagon, Kawu yakan miƙe ya ce, “Alhaji, a ɗaure kayan ko sai an ƙara dubawa?”