Rumfar Farfesan Sola

Duk Nasarawa Gwom babu mai ilimin hasken rana kamar Kawu Mwadkon. Wasu sai sun je jami'a, shi kuwa Allah ya hutar da shi, ya zuba masa ilimin a waya. Bidiyo ɗaya zai kalla a TikTok ya tashi injiniya. Idan ya ƙara da saƙon WhatsApp mai "a tura wa kowa", ya zama Farfesan Sola. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don tawali'u.

'Yar ƙanwarsa Loyis ta gama digiri, aiki ya ƙi samuwa, sai ta sayo 'yan tsaki ta zuba a ɗakin baya. Su ne duk abin da ta mallaka. Sanyin Jos kuwa ba ya wasa da tsako, sai da ƙwan lantarki mai ɗumi. Ta sa aka kafa mata farantan sola a tsakar gida, komai yana tafiya lafiya lau, har ranar da Farfesa ya kawo ziyarar gani da ido.

Ya taɓa faranti ɗaya, ya janye hannu.

"Kai! Wa ya bar kayan nan a rana? Wani Bature ya yi bayani, zafi yana rage musu ƙarfi. Ku 'yan digiri ba ku bincike!"

"Kawu, ai da ranar suke..."

"Yarinya, bidiyon nan mutum miliyan ya kalla. Ke mutum nawa suka kalle ki?"

A gidansu ba a musu da kawu, balle mai rawanin ilimi. Ya aika unguwar Tina Junction aka sayo tamfol mai kauri, ya kafa wa farantan rumfa kamar ta 'yan biki. Ya tsaya a inuwarta ya ɗauki kansa bidiyo, yana yi wa al'ummar Filato albishir da sabuwar fasaha.

Farantan sun huta sosai. Batir ma ya huta.

Washegari da safe Loyis ta tarar da ƙwan a mace, tsaki sun dunƙule a lungu suna rawar sanyi, wasu sun miƙe ƙafa. Ta durƙusa tana hura gawayi a kasko, tana turo masu sauran rai kusa da wuta.

Farfesa ya shigo cikin rigar sanyi, ya dubi gawayin ya yamutsa fuska.

"Wannan gurɓata muhalli ne. Kwantar da hankalinki, akwai bidiyon da ya yi maganin wannan matsalar."

Ya zaro waya, ya danna, ya sake dannawa. Ya yi gyaran murya.

"Loyis, ɗan ara mini taki. Tawa ta kwana a caji a nan gidan, amma ba ta ɗauka ba."